Ranar da Na Kira Bajamushe Ɓauna

Ko haƙorana za su zube don tsufa, ba na jin zan manta ranar da kalma ɗaya tak ta kusa raba ni da aikina da tafiyar da na fi ɗoki a rayuwata.

A farkon shekarun tamanin ne, ina gyaran injuna a wani kamfanin bututun roba da ke unguwar masana'antu a Jidda. Kamfanin ya sayo sababbin injuna daga Jamus, aka turo wani injiniya Bajamushe ya kafa su, aka haɗa ni da shi. Ƙato ne jibgege, ga son mutane, jininmu kuwa ya haɗu. Idan muka zauna cin abincin rana sai ya zaro hotunan ƙasarsu: kogin Rhine, da tsofaffin gidajen sarauta bisa duwatsu, da ƙauyen mahaifiyarsa a gefen wani daji da suke kira Baƙin Daji. Ni da na shekara uku ban ga kore ba sai a tutar Saudiyya, sai dai in yi ta haɗiyar yawu.

Wata rana ya ce ya sa sunana cikin waɗanda za a tura kwas na mako biyu a can, in an gama kuma in yi mako guda a gidansu ya zaga da ni. Abin da ya rage kafilina, wato mai kamfanin, ya sa hannu a takardar fita da dawowa.

To, Larabcina a lokacin na kasuwa ne. Duk kalmar da ta ɓace min sai in ɗauko ta Hausa in naɗa mata rawani, kuma sau da yawa takan wuce. Wannan ɗabi'a ce ta kai ni ta baro. Ranar da kafili ya zo da baƙi don nuna musu injunan, ya tambaye ni wa ya koya min aikinsu. Na dafa kafaɗar injiniya, na ɗaga murya na ce, "Hada Jamus kabir, Jamus asli!" Nufina, wannan babban Bajamushe ne na asali.

Wani baƙo ya rufe baki da gefen mayafin kansa. Injiniya ya yi ja wur, ya sauke hannuna daga kafaɗarsa. Kafili ya ce min, "Halas. Yalla, ruh," wato ya isa, in tafi.

Na nufi sito wurin wani dattijo Bahaushe haifaffen Jidda, mazaunin unguwar Bani Malik, wanda muke kira Baba. Labari ya riga ni isa.

"Ya waladi, esh sawwet?" in ji shi, wato ɗana, me ka aikata? "Ka san mene ne jamus a nan? Ɓauna ce. In aka kira mutum haka, ana nufin ƙaton banza marar kai. Ƙasar tasu Almaniya ake ce mata."

Na ce, "Baba, wallahi yabonsa na yi."

"To, Allah ya raba mu da irin yabonka."

Ashe injiniya ya taɓa aiki a Masar, ya san kalmar sarai. Kwana uku ko gaisuwata bai amsa ba, ni kuma kunya ta hana ni tunkararsa. Ana ta raɗe-raɗin kafili zai soke iƙamata, wato takardar izinin zamana, ya mayar da ni gida. Tsoro ya kama ni, amma abin da ya fi ci min rai shi ne mutumin kirki yana ganin na wulaƙanta shi a gaban jama'a.

Rana ta huɗu Baba ya zo da rediyonsa ya ce, "Taso, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya ja ni har ofis inda kafili da injiniya suke zaune, ya murɗo tashar da ke watsa shirin Hausa daga ƙasar injiniyan. Mai karanta labarai sai "Jamus, Jamus" yake ta faɗi. Baba ya yi musu bayani da Larabci cewa tashar ƙasarsu ce da kanta, kuma haka suke kiran kansu da Hausa. Injiniya ya kasa kunne, ya dube ni ya ce, "Wato duk ƙasarmu ɓauna ce a wurinku?" Sai ya tuntsire da dariya har yana dukan tebur. Kafili ya sa hannu a ranar, bisa sharaɗin in daina Larabci a gaban baƙi.

Na je, na kuma sha kallo. A birnin Kolon na hau matakalar hasumiyar babbar majami'arsu har gwiwoyina suka nemi gafara. Mun bi kogin Rhine a jirgin ruwa, gonakin inabi hagu da dama. A Munich na tsaya cikin taro baki sake ina kallon agogon da mutum-mutumi ke rawa a jikinsa. Amma ƙauyen ya fi kwanta min. Shanu da ƙararrawa a wuya, ciyawa shar, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara. Tsohuwarsa ta ware min tukunya don kada naman alade ya taɓa abincina, ta kuma shimfiɗa min farin zanen gado in yi salla.

Muna zaune bisa wani tudu ranar da zan dawo, injiniya ya faɗa min cewa ya riga ya rubuta takardar cire sunana tun ranar farko, kwana uku tana aljihunsa. Ya ce, "Da na miƙa ta, da har in mutu ina ganin ka zage ni."

Maganar nan ta zauna min. Shi bai tambaya ba, ni ban yi bayani ba, saura ƙiris mu rabu a kan abin da babu shi. Tun daga lokacin, in magana ta sosa min rai, ko daga matata ko 'ya'yana, nakan tambayi mai ita me yake nufi kafin in ɗaure fuska. In ni na yi ɓaranɓarama kuma, ba na bari ta kwana.