Alhamis ta Farko Babu Malam Haliru

Ina tsaye a bakin ofishina a jami'a ranar Talata da hantsi, ina lalubar makulli a aljihu, wayata ta yi ƙara. Hajiya Luba ce, matar Malam Haliru. Ba ta taɓa kirana da kanta ba, kullum Malam ne yake miƙa mata waya mu gaisa, don haka tun kafin ta yi magana gabana ya faɗi. Ta ce, "Nasiru, Malaminka ya cika yanzun ga. Gida za a kai shi." Na yi salati, na sake yi, sannan na tsinci kaina ina kai da komo a barandar sashenmu, makullin yana hannuna, ƙofar ban buɗe ta ba. Tun daga ranar zama bai kama ni ba. Wannan rubutun ma rabinsa a tsaye na yi shi.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Haliru malamin dangantakar ƙasa da ƙasa ne. Shi ya koyar da ni tun ina sabon zuwa daga Rabah, shi ya duba kundin digirina, daga baya muka zama abokan aiki a sashe ɗaya, ko da yake bakina bai taɓa iya kiransa da wani suna ba sai Malam. Tambaya guda ce ta cinye masa rayuwa: idan ƙasa ta tashi ta fi maƙwabtanta ƙarfi, yaya zaman unguwar zai kasance? Ƙasar Sin ya fi nazari, ita da ƙananan ƙasashen da ke kewaye da ita, musamman masu shan kogunan da suka taso daga cikinta. Bayan furfura ta fito masa ya fara koyon Sinanci, ɗalibai suna dariya a ɓoye idan ya lanƙwasa harshe. Ya ce rashin kunya ne ka yi shekaru kana magana a kan mutum alhali ko gaishe shi ba ka iya ba.

Duk wanda ya zauna a ajinsa ya san darasin benci. A laccar farko ta kowace shekara sai ya sa a ɗauko benci a ajiye gaban allo, ya cika shi da siraran ɗalibai har babu wurin sa hannu, sannan ya zaɓi wanda ya fi kowa jiki a ajin ya ce ya je ya zauna. Shi kuma ya koma gefe ya naɗe hannu. Wani na gefe ya faɗo ƙasa, wani ya rungume babban don ya tsira, wasu su haɗa kafaɗa su ture shi. Idan dariya ta lafa sai ya ce, "Ni ba girman mai zuwa nake kallo ba. Ina kallon ko zai ce a matsa masa, ko zama kawai zai yi." A shekararmu ni ne na gefen da ya faɗo, kuma Malam ya sha cewa faɗuwar nan ce ta ɓata mini tunani har yau.

Abin da ya sa yake faɗin haka, gardama ce tsakanina da shi wadda ba ta taɓa mutuwa ba. Ni na tsaya a kan cewa mai ƙarfi ba ya bin ƙa'ida sai idan akwai wanda ya fi shi ƙarfi a tsaye a kansa. Shi kuwa yana ganin babba yana iya ɗaure kansa da kansa idan ya hango zama mai tsawo, kuma idan ƙananan suka yi magana da baki ɗaya. Mun yi wannan musu a aji, mun yi a taron sashe, mun yi a mota. Yakan ce, "Kai Nasiru, ko walima aka gayyace ka, sai ka fara duba ta ina za a gudu." Amma da na rubuta kundina ina sukar ra'ayinsa babi bayan babi, bai rage mini komai ba. Wuraren da hujjata ta yi rauni ma shi ya nuna mini, ya ce in gyara don dukan ya fi shiga.

Malam bai taɓa barin noma ba. A ƙauyensu, kusa da Kwargaba a ƙasar Wurno, akwai wani tafki da kogi ke barin ruwa a ciki idan damina ta wuce. Da shi masu albasar rani suke ban-ruwa, kowa da ɗan injinsa na fetur, har da Malam da yayansa Baba Labbo. Sai wani ɗan kasuwar albasa daga Goronyo, Alhaji Ummaru, ya sayi babbar gona a bakin tafkin, ya kawo ƙaton injin dizal wanda ana jin kukansa har cikin gari. Idan ya wuni yana ja, ruwa ya ja baya, tiyon masu ƙananan injuna sai laka yake zuƙa. Magana ta yi zafi har matasa suka fara zancen zuba wa injin yashi.

Malam ne ya shiga tsakani. Bai kai ƙara ko'ina ba, bai kuma rubuta komai ba. Ya yi ta zirga-zirga tsakanin Goronyo da ƙauye a tsohuwar motarsa, a hanyar da kowa ya san ba a son binta bayan la'asar, har aka zauna a ƙofar gidan Baba Labbo aka yi magana ɗaya: ranar Litinin da Alhamis babban injin zai huta, ruwa ya tsattsafo, ƙananan su sha. A zaman nan Alhaji Ummaru ya yi tayin da ni a wurina ya fi wannan sauƙi. Ya ce a bar shi ya ja kullum, shi kuma zai riƙa sakar wa kowa ruwa kyauta ta magudanarsa. Malam ya yi masa godiya ya ƙi. Da na tambaye shi dalili a hanyar dawowa, ya ce, "Kyautar babba da daɗi take, amma ranar da ya ga dama yake yin ta. Ranarka kuwa taka ce, ko yana sonka ko yana fushi da kai."

Na ce masa ai wannan tsari ba ƙa'ida ke riƙe da shi ba, kunyar idonsa ce kawai Alhaji yake ji. Na san na taɓa inda yake masa ciwo, domin shi da kansa yakan koyar cewa zaman lafiyar da ke tsaye da ƙafar mutum ɗaya ba a gama gina shi ba. Can ya yi murmushi ya ce, "To, in na riga ka, ka zo ka saurara ranar Alhamis. In ka ji injin, ka ci gardama." Na yi dariya a lokacin. Da na san yadda maganar za ta dawo mini, da ban yi ba.

An yi jana'izarsa ranar Talatar nan bayan azahar, a maƙabartar ƙauyensu. Na ga manyan malaman jami'a a sahu ɗaya da masu jakuna da suka baro gona da laka a ƙafa. Na zauna zaman makoki a ƙofar gidan Baba Labbo, amma jikina kawai ke kan tabarma. Lokacin albasa tana ɗaura kai ne, lokacin da ƙishin kwana kaɗan ke iya lalata wahalar rani gaba ɗaya. Addu'ar uku kuma ta faɗo ranar Alhamis. Ina karɓar gaisuwa, ina amsa "ya haƙuri", kunnena yana fadama. Na tashi na zaga bayan gida na dawo ban san me na je yi ba. A rayuwata ban taɓa son in faɗi a gardama ba sai a waɗannan kwanakin.

Ranar Alhamis da safe, an gama addu'a ana raba gumba, sai ga kukan injin daga fadama. Babu mai kuskure shi, ƙaramin inji ba ya irin wannan gurnani. Hira ta tsaya. Wani matashi ya miƙe, dattawa suka ce ya zauna. Ga shi na ci gardama, kuma wanda zan ci a kansa yana kwance a ƙasa. Na ji haushin Alhaji Ummaru, na ji haushin kaina da duk littattafan da suka koya mini in yi tsammanin haka.

Ba a jima ba motar Alhaji Ummaru ta tsaya. Ya fito da carbi a hannu, idonsa ja, domin shi ma Malam nasa ne. Tabarmar dattawa a cike take. Ya yi sallama, ya yi ta'aziyya a tsaye, sannan ya dubi Baba Labbo.

"Baba, na ga kuna zaman makoki, albasarku na ƙishi. Shi ya sa nic ce a tada injin, a sako muku ruwa, ku dut. Gonar marigayi anka fara ba ruwan."

Wallahi da ni aka yi wa wannan magana da na karɓa da hannu biyu. Mutumin alheri ya nufa, kuma albasar tana bukata. Wasu a tabarmar har sun fara sa albarka. Baba Labbo, wanda tun rasuwar ƙanensa ba a ji ya haɗa jimla biyu ba, ya ɗaga kai.

"Alhaji, mun gode, Allah shi saka. Amma yau wace rana ta?"

"Alhamis ta, Baba."

"To, mi munka ce ranar Alhamis?"

Alhaji ya ɗan ɓata fuska. "Baba, ba don kaina ni ka ja ba. Don ku na."

"Na sani. Yau don mu. Alhamis mai zuwa hwa, don wa? Haliru bai bar muna kyauta ba, rana yab bar muna. A kashe shi. In an watse, kowa shi tahi shi tada nashi."

Sai wani tsoho a ƙarshen tabarma ya ce, "Hakanan ne." Na kusa da shi ya maimaita, na gaba ma haka, har waɗanda suka fara sa albarka ɗazu. Na zuba wa Alhaji Ummaru ido. Mutum ne da zai iya juyawa ya shiga motarsa, babu hakimi a wurin, babu ɗan sanda, babu Malam Haliru. Ya daɗe a tsaye yana juya carbi. Sannan ya ciro waya ya kira mai kula da gonarsa, ya ce masa kalma ɗaya.

Muna zaune kukan injin ya yi ƙasa, ya yi tari, ya mutu. Har kukan kurciya aka ji daga kan bishiyar bedi. Baba Labbo ya taɓa gwiwar na kusa da shi ya ce, "A matsa ma Alhaji." Aka matsa, ya zauna, babu wanda ya faɗo. Ni ne na tashi na koma bayan gida, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ba zan ce gardamarmu ta ƙare ba, Malam ma da ya raina ni idan na miƙa wuya da wuri haka. Tafkin ƙauye ba kogin ƙasashe ba ne, kuma rani da saura, zafi yana gaba, ruwa zai ƙara ja baya. Kowace Litinin da Alhamis ina kiran Baba Labbo da sunan gaisuwa, shi ma ya gane abin da nake tambaya, kafin in gama sallama yake ce mini, "Shiru na, Nasiru." An ba ni ajin Malam na 'yan shekarar farko. Benci yana nan a bayan ƙofar ofishinsa, kuma ban san yadda zan tsaya a gefe in naɗe hannu ba tare da muryata ta karye ba.

Ya Allah, bawanka Haliru ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci kamar yadda ya yi ta nema wa ƙanana wurin zama. Ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka ba Hajiya Luba da 'ya'yansa haƙuri, Ka zama gatansu, Ka ƙarfafa Baba Labbo da ya binne ƙanensa da hannunsa. Ka tsare hanyoyin Wurno da Rabah da Goronyo, Ka daidaita zukatan masu shan tafkin nan, babbansu da ƙaraminsu. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka sa in ci gaba da faɗuwa a gardamar nan kowace Alhamis. Amin.