Ranar da Na Kai Baba Hawa Jirgin Tururi

Inna tana da shekara ɗaya da rasuwa na sa aka kawo mini Baba Dubai, a yi masa aikin yanar ido. Lokacin ina aiki a wani rumbun ajiyar magunguna a Dubai Investments Park, muna zaune da maigidana da yaranmu biyu a hawa na huɗu na wani bene kusa da wurin aikin. Aikin ido ya yi kyau. Cikin sati biyu Baba yana karanta Alƙur'aninsa ba sai ya kai shi bakin hanci ba. Abin da ya rage shi ne zaman hutawa, Baba kuwa bai iya zama ba.

Shi mutumin reluwe ne. Yana saurayi ya shiga loko, ma'aikatar kawunan jirgi, a Zariya, ya fara da goge kan jirgi, ya koma mai zuba kwal, daga baya ya zama direba, a zamanin da jirgin ƙasa ke tafiya da wuta da ruwa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun tasowata Uwata yake ce mini, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

A Dubai yini yake a bakin taga yana kallon manyan motoci suna shiga rumbunan kaya suna fita. Wata Juma'a maigidana ya kai shi ya hau jirgin cikin gari, ya dawo ransa a ɓace.

"Uwata, na je har gaba in gaida direba, sai na tarar da yara suna leƙen gilashi. Ba direba. To in abu ya faru wa za a tambaya?"

Muka yi dariya, shi bai yi ba.

Akwai ƙananan abubuwa da na gani a makonnin nan na kawar da kai. Ya yi sallar la'asar sau biyu, ya rantse ɗaya ya yi. Wata rana na tarar da hularsa a cikin firji. Wata rana kuma ya tambaye ni ko Inna ta bugo waya, sai kuma ya ce, "Allah ya jiƙanta." Na ce wa kaina baƙunta ce, da magungunan da yake sha.

Wata abokiyar aikina 'yar kudancin Indiya ce ta ba ni labarin wani tsohon jirgin tururi da har yanzu yake hawa tsaunukan ƙasarsu, ana ɗaukar masu yawon buɗe ido su ga gonakin shayi. Ta turo mini bidiyo. Da na miƙa wa Baba wayar bai kalla ba, kunnensa ya kai ta, ya lumshe ido yana sauraro.

"Wannan da ransa yake? Yanzu haka yana aiki?"

Maigidana ya ce, "Khalas, shi ke nan, ki ɗauki hutu ki kai shi. Ni zan ji da yara."

Bayan biza ta fito muka tashi. Muka kwana a wani ƙaramin gari a gindin tsauni, da sassafe muka isa tasha. Taragu huɗu ne shuɗaye, ƙanana, masu bencin katako, kan jirgin kuma yana baya, don tura su yake yi zuwa sama. Baba ya tsaya gefensa yana shaƙar hayaƙi, sai ya yamutsa fuska.

"Mai suke ƙonawa, ba kwal ba. An yi masa kaciya." Amma fuskarsa a sake take kamar ta ango.

Direban wani dattijo ne baƙi siriri mai farin gashin baki. Baba ya nuna masa tabon ƙunar da ke bayan hannunsa na dama, ya yi alamar zuba kwal da shebur. Dattijon ya yi dariya, ya naɗe hannun rigarsa ya nuna nasa tabon. Ɗan Turancin da suke da shi ya ishe su.

Awa ɗaya ta farko ban taɓa ganin Baba haka ba tun rasuwar Inna. Mun ratsa gonakin ayaba da dogayen itatuwa, sannan dogo ya miƙe sama. Ya nuna mini wani layi na uku a tsakiyar titin mai haƙora, ya ce shi jirgin ke kamawa kada ya zame baya. Ya ba ni labarin hawan Jos da damina, yadda suke zuba yashi a kan dogo. A wata tasha aka tsaya ba jirgi ruwa, birai suka sauko suna warce abinci a hannun mutane, ya sayo mana shayi da wani ƙosai mai yaji.

Daga nan hazo ya fara sauka. Ba irin wanda na sani ba, wannan jiƙaƙƙe ne mai sanyi, yana shigowa ta taga yana kwanciya a fuska. Kwarin da ke hannun hagunmu ya ɓace gaba ɗaya. Baba ya daina magana. Ya karkata kai yana sauraron kan jirgin.

"Numfashinsa ya sauya," ya ce.

"Lafiya dai ko, Baba?"

Ya ci gaba da sauraro. Muka shiga wani dogon rami da aka fasa a cikin dutse, duhu ya rufe mu, matasan da ke taragon suka ɗauki ihu da tafi. Cikin duhun na ji ya damƙi wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Da muka fito haske yana kallona, amma kallon da ake yi wa wanda aka taɓa gani a kasuwa.

"Mun wuce Kafanchan?"

Na yi dariyar dole. "Baba, Indiya fa muke."

Ya saki hannuna a hankali, ya ce, "Haka ne." Ya mai da fuskarsa taga. Na rasa abin da zan kama, sai na shiga gyara masa rigar sanyi.

Ba mu yi nisa da haye wata gada ba jirgi ya ja birki ya tsaya. Gadi ya bi taragu yana bayani: ruwan jiya ya kayar da itace a kan dogo, an tura a kira masu zarto. Mutane suka sauko suna ɗaukar hoto. Sanyi ya yi yawa, na cire jan mayafin da ke kafaɗata na rufa wa Baba a gwiwa, na ce ya zauna, zan je in ji ko za mu daɗe. Gaba na nufa inda ma'aikatan suka taru. Ban fi minti goma ba.

Na dawo benci ba kowa. Ba Baba, ba mayafi.

Na leƙa sauran taragun ɗaya bayan ɗaya. Na kira shi, hazo ya haɗiye muryata. Wata tsohuwa da ke zaune daura da mu ta nuna mini baya da hannu, wajen da muka fito. Na bi gefen jirgin da gudu ina tuntuɓe da tsakuwa, na wuce kan jirgin yana huci, na ci gaba. Daga nan ba abin da nake gani sai dogo yana gangarawa cikin fari, da ƙarar ruwa can ƙasa.

A bakin gadar na tsaya. Gadar jirgi ce, ba ta da shinge, katakai ne a jere da rata a tsakaninsu, ta ratar kuwa hazo kawai kake hange. Baba yana tsakiyarta. Ya juya mini baya, ya tsaya ƙyam a kan katako ɗaya da takalminsa mai santsi, ya ɗaga jan mayafina sama da hannun dama.

Tsoron in yi ihu ya firgita ya kama ni. Na taka katako na farko, na biyu, sai na tsaya. Na durƙusa na riƙe dogo, ƙarfen sanyi ƙalau.

"Baba," na ce a hankali. "Baba, ka taho."

Ya waigo. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Baiwar Allah, koma cikin tarago. Fasinja ba ya sauka a nan."

"Ni ce, Baba. Uwata ce."

"Jirgin kaya yana bayanmu. In bai ga tuta ba zai hau kanmu, akwai mata da yara a ciki. Koma, na ce."

Ya ƙara taku biyu gaba, ƙafarsa ta ɗan goce, ya gyara tsayuwa. Na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Sai na ji mutum a bayana. Dattijon direban ne, tsohuwar nan ta je ta kira shi. Ya dubi Baba, ya dubi jan ƙyallen, bai tambaye ni komai ba. Ya yi mini alama da tafin hannu in zauna inda nake, ya juya da sauri. Jim kaɗan usur ɗin jirgi ya tsage dajin, dogo, ya ɗan tsaya, ya sake, ya sake.

Baba ya sauke hannunsa. Ya ninke mayafin tsaf, ya sa a hammata, ya juyo yana taka katakan nan ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya dubi ƙasa ba, kamar mai tafiya a tsakar gidansa. Ya zo ya wuce ni. Direban ya tare shi a gefen kan jirgi, ya sara masa, Baba ya rama. Daga baya dattijon ya gaya mini da guntun Turancinsa cewa tsohuwar ƙa'ida ce: in jirgi ya tsaya a daji, a tura mutum baya da jar tuta, kuma ba ya barin wurin sai direba ya kira shi da usur. Ya ce bai tabbatar irin kiran da suke yi a ƙasarmu ba, gwadawa ya yi.

Aka sare itacen, muka ci gaba. Baba ya yi barci kansa a kafaɗata. Hazo ya yaye, gonakin shayi suka bayyana kore shar, mata da kwanduna a baya suna ɗaga mana hannu, kowa ya koma taga. Ni hannuna yana cikin nasa, ko motsi ya yi sai na ƙara riƙewa. Da ya farka ya ga lakar da ke gwiwar doguwar rigata.

"Uwata, faɗuwa kika yi?"

Na ce e, santsi ne. Ya yi mini faɗa a kan rashin kula.

Kwana uku muka shirya yi a saman tsaunin, da komowa a jirgin. Washegari na ɗauki mota muka sauko, muka dawo Dubai. Tun daga filin jirgi na buga wa Yaya, babban wanmu da ke Zariya, na ba shi labari.

"Sau biyu ana dawo mana da shi daga tasha," ya ce. "Na ƙarshen da kayan aikinsa na da a jikinsa. Mun ce kada a tayar miki da hankali, kina nesa."

"Yaya, da kun gaya mini ai da ban kai shi bakin rami ba."

"Mun ɗauka kewar Inna ce, za ta wuce."

Ban iya yi masa faɗa ba, don ni ma abin da na yi ke nan.

Satin da ya biyo na kai Baba wajen likitar ƙwaƙwalwa. Mace ce mai haƙuri. Ta tambaye shi wace shekara muke, ya yi murmushi ya ce ai ta fi shi sani. Ta ba shi takarda da biro, ta ce ya zana agogo, ya nuna sha ɗaya da minti goma. Baba, wanda ya yi shekara talatin agogon aljihunsa ne ke tayar da shi yana kwantar da shi, ya zana da'ira mai kyau. Ya rubuta sha biyu a sama. Sauran lambobin duk suka cunkushe a gefe ɗaya. Ya daɗe yana kallon takardar, biro a hannu, sannan ya ajiye ya ce idon ne bai gama warkewa ba. Likitar ta ce ba komai, ta dube ni ta saman tabaranta. Bayan an yi hoton kai ta zaunar da ni ni kaɗai ta gaya mini ciwon mantuwa ne, magani yana rage masa gudu amma ba ya tsayar da shi.

A mota muna komawa gida, rana tana dukan gilashi, Baba yana kallon hanya. Muna tsaye a danja ya ce, "Uwata, wani abu yana cin kaina, na sani. Kada ki gaya wa yayanki, yana da nauyi a kansa."

Na ce to.

Da bizarsa ta kusa ƙarewa ni na raka shi har Zariya. Yaya ya mai da shi gidansa, aka ba shi ɗakin da ke can ciki, aka sa sakata a saman ƙofar gida inda hannunsa ba ya kaiwa. Na yi sati biyu na koma bakin aiki. Ya ƙara shekara uku a duniya. Kullum bayan la'asar ina kiran matar Yaya ta riƙe masa waya, wata rana ya gane ni, wata rana ya gaishe ni da ladabi ya tambayi mutanen gidanmu. A shekarar annoba, da aka rufe hanyoyi, wata bakwai ban gan shi ba sai ta waya. Da aka buɗe na je, na tarar ya daina magana sai kaɗan, amma yana cin abinci in ni na ba shi a baki.