Koren da Na Gani Daga Sama

Ofishinmu na ɗaliban digiri na uku yana hawa na tara a Jalan Semarak, kuma aikina a cikinsa shi ne kallon garinmu. Ba wasa nake ba. Gwamnati ce ta ɗauko ni daga ƙaramar hukumarmu ta kawo ni Kuala Lumpur, don in zauna gaban kwamfuta ina duba hotunan da tauraron ɗan'adam yake ɗauka na wannan ƙaramar hukumar dai. Sai da na ƙetare teku sannan aka yarda na iya ganin dajin da na yi kiwo a cikinsa da ƙafata.

Daga sama yankin namu ba shi da wuyar ganewa. Kogi ta yamma, mai ƙafewa tun tsakiyar rani. Jerin duwatsu ta gabas. A tsakani kuma faffaɗan fili na baƙar laka, wadda ke tsagewa idan rana ta dake ta har ƙafar maraƙi ta faɗa. Ba ƙasar noma ba ce sosai, shanu ne komai namu. Ranar kasuwa manyan motoci ke cika kara su yi lodin bijimai zuwa kudu, kuma daga wannan rana guda mai shayi da tela da mai faci suke samun abincin mako. Haka na taso na tarar.

Sai aka ce akwai ɗanyen mai a ƙarƙashinmu. Aka yi kiɗa, aka yi jawabai. Titin da aka yi alkawari ya zo, amma daga babbar hanya ya miƙe zuwa bakin rijiyar man ya tsaya, bayan ya datse burtali biyu da shanu ke bi zuwa mashaya. Aikin da mutanenmu suka samu gadi ne. Ni kuwa albarkacin man na samu gurbin karatu, don haka ba ni da bakin zagin kowa, kuma wannan yana cikin abin da ke ci mini rai.

Mahaifina, da muke kira Baffa, bai taɓa gane abin da nake karantawa ba sai ranar da na tura hoto ɗaya gida aka nuna masa a waya. Ya gane kogin, ya gane duwatsun, har tsamiyar bakin mashaya ya nuna da yatsa. Daga ranar duk wanda ya tambaye shi labarina sai ya ce, "Yana can yana ganin daji daga sama."

Wata bazara ya kira ni bayan ya idar da asuba. A nan azahar ta kusa, ina shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, a unguwar Sentul da farantin shinkafa a gabana. Bayan gaisuwa ya ce, "Ciyawa ta ƙare, harawa ta ƙare, dusa ta gagara. Masu ƙarfi sun kora nasu kudu, ni ƙafata ba za ta kai ba, hanyar ma babu lafiya. Kai da kake gani daga sama, duba mini inda ta rage."

Baffa bai taɓa roƙona komai ba, ko allura. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji kafin tausayi. Na bar shinkafar na tari mota zuwa makaranta, na buɗe hoton wannan makon. Ko'ina ja ne da toka-toka, sai wuri ɗaya a bayan duwatsun gabas, a wata tsohuwar fadama, kore shar. Na duba kwanan watan hoton sau biyu, sannan na kira shi.

Ya ce, "Rabona da can tun kafin zuwan masu mai. Tafiyar kwana uku ce, kuma shanun sun rame. Ka tabbata?"

Na ce, "Baffa, ga ta nan a gabana."

Washegari ya kora garken. Bayan duwatsun waya ba ta shiga, don haka na zauna jira, ina buɗe hoton ina rufewa kamar mai duba tukunya a kan wuta. A rana ta biyu abokin karatuna, wani Bakano mai tebur kusa da nawa, ya leƙo ta kafaɗata da kofin shayi a hannu. Ya ɗan jima yana kallo.

Ya ce, "Malam, wannan koren naka ai ya cika straight. Yaushe ciyawar Allah ta fara yin kwana haka? Fence ne, lah. Resolution ɗin ba zai nuna maka wayar shinge ba."

Na sake dubawa. Kusurwa huɗu ce cif, kamar an ja da rula. Shekara uku ina wannan karatu, amma ban ga abin da mai shan shayi ya gani a tsaye ba, saboda ciyawa nake nema, ita kuma na gani. Wurin ya yi kore ne don an kewaye shi, babu saniyar da ta taka shi shekara da shekaru. Na yi ta kiran Baffa har batirina ya mutu, waya ba ta shiga ba.

Inna ce ta ba ni labarin bayan sun dawo. Sun tarar da shingen waya da ya fi mutum tsayi. A ciki ruwan rijiyar burtsatsen kamfani yana malala cikin fadamar. Mai gadin ƙofar ɗan garinmu ne, sun yi sallar Juma'a sahu ɗaya da Baffa ba sau ɗaya ba. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce idan ya buɗe, a bakin aikinsa. Shanun sun ji ƙanshin ɗanyar ciyawa suka jeru a jikin wayar suna kuka, sanda ma ta kasa juya su har yamma. A hanyar dawowa suka fara faɗuwa. Wadda ta faɗi sai a yanka, mahauta na biye da garken a kan babura. Abin da ya iso gida bai kai rabi ba.

A Sentul ruwa yana sauka kusan kowace la'asar. Ciyawa tana tsirowa a gefen layin dogo ba tare da kowa ya roƙe ta ba, ma'aikata su zo da inji su aske ta, su cusa a baƙaƙen ledoji, mota ta kwashe zuwa juji. Ba na iya wucewa ta wajensu, sai in tsallaka titi. A hotunan bana kuma shingayen nan masu kusurwa huɗu sun zama uku, ina ganin an share filin na huɗu, kuma duk sunan burtalin da ke ƙarƙashinsu na san shi. Zan rubuta su a kundina, malamai uku su karanta, a ajiye a kantar laburare. Ban ga abin da hakan zai hana ba.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya kiran Baffa. Na ce ya yafe mini, na fara bayanin yadda wayar shinge ba ta fita a hoto. Ya katse ni, ba da faɗa ba.

Ya ce, "Ai ba ka yi ƙarya ba. Ciyawar tana nan, har gwiwa. Na gan ta da idona."

Har yau yana kirana bayan asuba. Ya tambayi lafiyata, ya tambayi ko ana ruwa a wajenmu, in ce ana yi. Bai ƙara cewa in duba masa komai ba.