Shatin Farce a Hannuna

Duk yawan haihuwar da na karɓa, ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo mana Dije daga rugar da ke bayan babban kanal ɗin ban-ruwa ba. A lokacin ina ungozoma a wani ƙaramin asibitin karkara tsakanin Kura da Bunkure, irin wanda ba shi da likita, ba ɗakin tiyata, ba wurin ajiye jini. Aikinmu awon ciki ne da rigakafi da karɓar haihuwar da ta zo da sauƙi. Wadda ta fi ƙarfinmu sai mu sa mata ruwa mu tura ta babban asibiti. Shugabanmu Malam Garba ne, jami'in lafiya, mutum mai sanyin hali wanda ba ya tsallake ƙa'ida ko da gudu ake.

Ku da kuka fito daga makaranta kwanan nan an koya muku matakan naƙuda, kuma gaskiya aka koya muku. Abin da littafi bai faɗa ba shi ne kowace mace da yadda take ɗaukar nata ciwon. Akwai mai zagaye ɗaki tana dafa bango. Akwai mai durƙusawa ta rungume ƙafar gado, ko za ki shekara kina roƙo ba za ta hau ba. Wata salati take yi har muryarta ta dushe, wata ta zo da ruwan addu'a a gora tana kurɓa, wata kuwa mijinta take tsinewa, ranar suna kuma ki gan su suna dariya kamar ba a yi ba. Ni ban taɓa hana kowa nata ba, in dai ba zai cutar ba.

Ranar da nake ba ku labari kakar tumatur ce, da hantsi, motoci sai wucewa suke da kwanduna. Muna da mai naƙuda ɗaya a ɗaki, Tabawa mai turara shinkafa, wadda ta saba haihuwa a hannuna. Tabawa ba ta san ɓoye ciwo ba. Idan ya taso mata har masu ban-ruwa a gona sai sun ji.

"Sista, wallahi daga wannan na rufe!"

"Haka kika ce a haihuwar ɗanki Sani," na ce da ita.

Muna cikin haka sai ga wata dattijuwa doguwa ta shigo, yarinya na bin ta a baya tana takawa a hankali, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Dattijuwar ita ce Goggo Adama, yarinyar kuma matar ɗanta ce, Dije, da cikin fari. A al'ada gidan iyayenta ya kamata ta je ta haihu, to iyayen sun yi kudu da shanu tun bara, shi ya sa haihuwar ta faɗo a hannun suruka. Mijin kuma ya kora garke can wajen dajin Bunkure, wayarsa ba ta shiga.

A nan sai na gaya muku wani abu game da ni. Ni Babarbariya ce. Mahaifina daga Barno ya zo aikin noman rani ya zauna, ga tsagar nan a fuskata ba ta ɓuya. Kun kuwa san abin da ke tsakaninmu da Fulani, wasa ne wanda muka gada, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Goggo Adama na ɗaga ido ta ga fuskata sai ta taɓe baki.

"Ashe baiwata aka ajiye a nan."

"Sannu da zuwa gidan uwar gijiyarki," na ce. "Me kika kawo min, nono ko rigima?"

Ta ce ba ko ɗaya. Wata maƙwabciyarsu ce ta ga yarinyar ta ɗan ga jini, ta matsa musu su zo a duba, in ba haka ba ita ba ta ga abin zuwa asibiti ba. Yarinya tun asuba take kan gwiwa, ko tari ba ta yi ba. Da alfahari ta faɗi hakan, kuma na gane dalili. A wurinsu macen da ta yi raki a haihuwar fari ta bar wa kanta abin faɗe, har 'ya'yanta su girma ana yi mata gori. Balle a gaban suruka, wadda ko abinci ba a ci a gabanta.

Na kwantar da Dije na fara dubawa. Jinin kaɗan ne, amma baƙi-baƙi. Na ɗora hannu a cikin na ji shi tauri kamar ƙwarya. Na sa abin sauraro na nemi bugun zuciyar ɗan, na same shi can ƙasa-ƙasa, ba yadda nake so ba. Duk da haka ban yanke hukunci ba tukuna, domin yarinya mai tsoro takan ƙanƙame jikinta har ki kasa gane komai.

Abu ɗaya nake bukatar sani. Ciwon naƙuda na gaskiya zuwa yake ya tafi. Ya murɗa, ya saki, mace ta numfasa, cikin ya yi laushi, sannan ya dawo. Idan kuwa ya riƙe bai saki ba, ga ciki ya ƙi laushi, ga baƙin jini, to alama ce mabiyiya ta fara ɓallewa tun ɗa bai fito ba, jini yana taruwa a ciki inda ido ba ya gani. Wannan ba aikin ƙaramin asibiti ba ne, kuma ba ya jira.

"Dije, ciwon yana saki ko ba ya saki?"

Ta dubi bango.

"Ina ne ya fi miki ciwo?"

"Ba komai," ta ce, da ƙyar na ji. Gumi kuwa ya jiƙa mata wuya, leɓenta ya yi fari.

"Kin ji ko," in ji Goggo Adama daga bakin gado. "Mu ba ma raki."

Tabawa ta ɗago kai daga nata gadon ta ce, "Yarinya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki yi ihunki, ba mai kai ki ƙara." Dije ta ƙara jan mayafi.

Na fita na sami Malam Garba na gaya masa abin da nake zargi, na ce a nemo mota. Ya ce zai aika bakin titi a tsayar da ɗaya daga cikin motocin tumatur, amma ba mu da ikon ɗaukar matar mutane ba da yardar danginta ba. Ya shiga da kansa ya yi wa tsohuwar bayani cikin ladabi. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ta san abin da ake yi a babban asibiti, yanka mutum ake yi. Ba za ta kai 'yar mutane a farke mata ciki ba, mijinta ba ya nan, alhali yarinyar da bakinta ta ce ba komai. In da ciwon ya fi ƙarfinta ai da ta faɗa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. A zuciyata na ce, kun koya wa yarinya kada ta faɗa, sannan kun ce tunda ba ta faɗa ba lafiyarta ƙalau. Na so in faɗi haka, amma na san in na ɗaga murya a matsayin ma'aikaciya, tsohuwar za ta ɗauki yarinyarta su koma ruga, kuma ba za mu sake ganinsu ba sai dai labari. Sai na ajiye rigar aiki a gefe na ɗauko ta wasan nan da muka gada.

"Ke Bafillatana, tashi ki ba ni wuri. Tun yaushe baiwa take zaune alhali uwar gijiyarta na aiki? Je ki gindin darbejiya ki jira, in na gama na kira ki."

Da Malam Garba ne ya faɗi wannan da an yi tashin hankali. Ni kuwa sai ta harare ni, ta ce Barebari dai ba su da ta ido, ta ja sandarta ta fita.

Na zaci da ta fita Dije za ta buɗe baki. Ba ta buɗe ba. Kunyar ba a bakin gado take zaune ba, a cikinta take. Na zauna kusa da ita na rasa ta inda zan ɓullo. Can na miƙa mata hannuna na hagu.

"To na ji, kada ki ce komai. Riƙe nan. In ciwon ya taso ki matse, in ya saki ki saki. Ba wanda zai ce kin yi magana."

Ta ɗan dube ni, sannan ta kama wuyan hannuna. Ban san yarinya siririya haka tana da wannan ƙarfin ba. Na zauna ina jiran ta saki. Tabawa ta yi nata murɗawar ta huta, ta sake yi ta huta, Dije ba ta sassauta ba ko kaɗan. Yatsuna suka yi sanyi, farcenta ya shige fatata har jini ya tsattsafo. Fuskarta kuwa shiru, sai hawaye ɗaya da ya gangara cikin kunnenta. Tausayinta ya kama ni har na ji nawa idon ya kawo ruwa.

Da ƙyar na zare hannun. Na sa mata ruwa, na bar Tabawa a hannun wata abokiyar aikina, na fita gindin darbejiya. Wannan karon ban yi wasa ba. Na durƙusa gaban Goggo Adama na nuna mata hannuna.

"Goggo, 'yarku ba ta ba ku kunya ba. Ko uffan ba ta ce ba, ni shaida ce. Amma dubi nan. Na ce ta saki in ciwon ya saki, ba ta saki ba. Kin haihu, kin san naƙuda tana ba da hutu. Wannan ba ta ba ta."

Ta kama hannun nawa ta daɗe tana kallo. Sai ta janye hannun rigarta ta nuna min damtsenta. Akwai wani tsohon tabo a wurin, zagayayye, shatin haƙoranta.

"Na fari," ta ce. "Ni kaɗai a bukka. An yabe ni ƙwarai." Ta sauke hannun rigar, sannan ta ce, "Bai zo da rai ba."

Ta miƙe ta ce ina motar.

A bayan akori-kura muka tafi, an ture kwandunan tumatur gefe an shimfiɗa katifa, ina riƙe da ledar ruwa a sama, Goggo Adama ta ɗora kan Dije a cinyarta. Ban taɓa ganin suruka da matar ɗa na Fulani sun kusanci juna haka ba. A babban asibiti aka shiga da ita tiyata nan take, aka ƙara mata jini. Dije ta rayu. Ɗan, namiji, bai rayu ba. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri da ita ma ba a same ta ba. Na koma wurin aiki da la'asar na tarar Tabawa ta sauka lafiya, ta sami mace, tana shan kunun kanwa tana tambayata yarinyar nan fa. Da na gaya mata, ita da ba ta san Dije ba sai da ta yi kuka.

Na daɗe abin yana damuna. Nakan ce da tun asuba aka san irin ciwon da take ji, wataƙila da yaron yana nan. Allah ne masani. Ban kuma zaci zan sake ganinsu ba, domin sau da yawa in aka rasa ɗa a asibiti, asibitin ake ɗora wa laifi.

Bayan shekara biyu da wani abu sai ga Dije a layin awo, da ƙaramin ciki. Ba ta fasa zuwa ba har watanta ya kama. Saboda an taɓa yi mata aiki, na gaya musu a babban asibiti za ta haihu, kuma da ciwo ya fara su taho, ni zan raka su. Haka aka yi. Wata safiya ina buɗe ɗakin awo na gan su a tsaye, tsohuwar ta ƙara rankwafawa. Ta tura Dije gabana.

"Babarbariya, ga ta nan. Ba ta hannun naki tun da wuri." Sannan ta juya ta nufi gindin darbejiya tana cewa, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ni yau kurma ce. Ko me aka faɗa a ɗakin nan ban ji ba."

Na shiga da Dije na miƙa mata hannu. Ba ta kama ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, a hankali, "Sista, yana ciwo. Amma yana saki."

A ranar na raka su babban asibiti, ta haifi 'yarta mace, lafiya lau.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a aikin nan mai ihu ba ta cika ba ni tsoro ba, ta riga ta gaya min inda take. Mai shiru ita nake zama kusa da ita. Kada ku raina dauriyar matan nan, da ita suka rayu a inda ba asibiti ba mota, kuma ba za ku cire musu ita da faɗa ba. Ku dai nemo mata hanyar da za ta gaya muku gaskiya ba tare da ta zubar da mutuncinta ba. Shatin farcen Dije ya daɗe da bajewa, sai ɗan fari-fari guda biyu da suka rage a wuyan hannuna. Har na bar aiki, duk mai naƙudar da na tambaya ta ce min ba komai, wannan hannun nake miƙa mata.