Kwale-kwalen Yaya Haladu Ba Ya Ɗaukar Na Bakwai

Duk wanda ya san yayana Haladu kafinta ya san ba ya sayen katako sai ya shinshina shi. Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya dubi mai katakon ta wutsiyar ido, ya ce, "Ban yarda ba." Zai saya fa. Yardar ce dai babu.

A Yawuri ya koyo ƙera kwale-kwale, ya dawo ƙauyenmu a ƙasar Batsari, inda rafi ke raba mu da kasuwa da asibiti duk damina. Amma mutumin nan har ya bar duniya bai iya iyo ba! Na ce, "Yaya, ka koya mana, kai da kullum kana kan ruwa."

Ya ce, "Salisu, kada ka kuskura ka shiga jirgin da gwanin iyo ya ƙera. Yana da wata mafita. Ni kuwa in katako ya ci amanata, tare za mu tafi."

In ya gama jirgi, ba rafi yake fara kai shi ba. A tsakar gida zai cika shi da ruwa fal, ya tsuguna yana leƙen ƙarƙashinsa kamar mai neman kunama. Matarsa Binta, da ta gaji da jan guga, ta ce, "Malam, wai jirgi ne ko randa?"

Ya ce, "In ya kasa riƙe na ciki, da me zai tare na waje?"

Ƙa'idarsa ba ta canzawa. Jirgi ya zama ƙarami, gindinsa shimfiɗe, mutum huɗu su iya ɗauko shi gida, don ko ɓarayin daji ba a san ranar da za su yi sha'awarsa ba. Kuma mutum shida yake ɗauka, ko hakimi ne na bakwai. Wata ranar kasuwa mutum biyar sun shiga, har da Ladidi amaryar maƙwabcinmu da uwar mijinta. Na ɗaga ƙafa zan shiga, sai ya tare ni da sandar tuƙi.

"An cika."

"Haba Yaya, biyar ne!"

"Shida. Ladidi biyu ce."

Wayyo! Ladidi ta ja mayafi ta rufe fuska, don ko uwar mijin ba ta sani ba. Tsohuwa ta miƙe za ta rangaɗa guɗa, ya ce, "Iya, a yi ta a zaune."

Sai ga Alhaji Mamman mai hatsi daga Safana, wai a ƙera masa babba na mutum ashirin, a shafe shi da fenti. Yaya ya ce, "Fenti? Me za mu ɓoye?" Alhaji ya yi fushi, ya sa aka kawo masa shuɗin jirgi daga wani gari, sai ƙyalli yake. Yaya ya zagaye shi sau uku, ya nutsa farce a jikinsa, ya juya ya yi tafiyarsa. Gari ya ɗauka hassada ce. Wallahi har ni na zarge shi.

Kafin ƙarshen daminar nan jirgin Alhaji ya tsage a tsakiyar rafi. Allah Ya taimaka akwai bishiyar da ruwa ya kayar, jama'a suka maƙale a jikinta, ruwa kuwa sai ƙaruwa yake. Yaya ya tura ɗan mummunan jirginsa, ya yi ta kwaso su shida-shida, mata da yara a gaba. A sawu na biyu ya ɗauki biyar, Alhaji ya miƙo hannu yana ihu, "Haladu, don girman Allah, saura gurbi ɗaya!"

Yaya ya dubi tumbinsa ya ce, "Riƙe reshen nan da kyau, Alhaji, ina dawowa. Kai ma biyu ne."

Ya kuwa dawo. Ko mutum ɗaya ba a rasa ba.

Bara ya rasu, bayan 'yar gajeruwar jinya. A zaman makoki gwaggonmu ta gaya mini abin da bai taɓa faɗa ba: yana ɗan shekara tara, kafin a haife ni, rafin nan ya ƙwace ƙanwarsa Hansatu daga hannunsa. Na sunkuyar da kai, ni da na fi kowa yi masa dariya.

Allah Ya jiƙan Yaya Haladu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sada shi da Hansatu a Aljanna. Amin.