Ƙarin Inci Biyu

Shekara goma sha tara muna raba bango ɗaya da shi, in ma za a kira wannan falankin bango. Ni ina aski ta nan, shi yana ɗinki ta can. In ya yi atishawa, wanda nake wa aski ne ke yi masa addu'a. Sunansa na yanka har ya fara ɓace mini, don duk layinmu Inci Biyu ake kiransa, kuma ni na raɗa masa, ba da rago ba.

Dalili kuwa, mutumin nan bai taɓa yanka yadi daidai da jikin mutum ba. Zai zagaya ka da tef ya ga talatin, ya ɗauki alli ya ja a talatin da biyu. Wandon da ya ɗinka mini bara, ni da matata za mu shiga ciki mu bar wa baƙo wuri. In ka yi masa ƙorafi sai ya zare allura daga baki ya ce, "In ya yi yawa ina ragewa. In ya gaza fa? In ja yadin ya yi tsawo?"

Abin yana da asali. Yana aji uku aka cire shi daga makaranta aka kai shi koyon ɗinki. Wata rana ya yanka yadin wani babban mutum ya gaza, maigidansa ya kama sandar awo ya yi ta zuba masa a yatsu har na tsakiyan ya karkace. Har yau a karkace yake. Tun daga ranar almakashinsa bai ƙara bin layi ba, kullum ta waje yake bi.

Matarsa shara take a wani asibiti, ta fita da sassafe ta dawo tana warin maganin wanke ƙasa. 'Ya'yansu uku. Manyan biyu boko bai karɓe su ba, su ma ba su roƙe shi ba, kowa ya kama gabansa. Sai autar, wadda muke kira Allura, don siririya ce kuma ba inda ba ta shiga. Tana aji biyu ta tsaya gaban shagona ta ce, "Kawu, allonka akwai kuskure, ka rubuta gyaran fuksa." Shekara shida allon nan yana rataye, malamai nawa na aske a ƙarƙashinsa, ba wanda ya gani.

To akwai makarantar 'yan mata da ke kan tudu, wadda ba a shiga sai an ci jarrabawa. Kowace shekara yara ɗaruruwa ke zama, a ɗauki sittin. Abinci kyauta, littafi kyauta, kuma an ce wadda ta fito daga can ba ta rasa jami'a. Malamar su Allura da ƙafarta ta zo shago ta ce wa Inci Biyu, "Malam, in ba ka saya wa yarinyar nan fom ba, Allah zai tambaye ka." Ya ajiye rigar da ke hannunsa, ya tafi ya sayo a ranar.

Allura ta cike fom ɗin da hannunta, tsaf, sai gurbi ɗaya ta bari, na ranar haihuwa. An ce a haɗa da takardar haihuwa, tata kuwa ruwa ya cinye ta shekarar da rufinsu ya yi yoyo. Aka ce ya je kotu ya yi rantsuwa a ba shi wata.

Nan ne bakina ya shigo, kuma ba zan ɓoye ba. Da safen da zai tafi, yarinyar ta zo wucewa da jakarta da ta fi ta faɗi. Na leƙa na ce, "Inci Biyu, wannan 'yar mitsitsiyar za ka kai musu? Ai suna ganinta za su ce a mayar da ita aji uku ta ƙarasa yaye."

Ya yi dariya. Na ɗauka abin ya tsaya a dariya.

Shekarar yarinya sha ɗaya. Da mai rubutu a bakin kotu ya tambaye shi, mutumina ya auna ta a ransa, ya ce a sa sha uku. Ya shiga ya ɗaga hannu ya rantse, aka buga hatimi. Mai rubutun ya cike masa gurbin da ya rage, ya liƙe ambulan, shi kuma mutumina ya wuce kai tsaye ya miƙa a kan tudu. Bai gaya wa kowa ba. A ganinsa gata ya yi mata, ya bar mata wurin girma.

Ranar jarrabawa ya rufe shago, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba. Iyaye suka cika bakin ƙofar makarantar, masu mota a cikin mota, marasa mota a gindin katanga. Da ta fito ya ce, "Yaya?" Ta ce, "Baba, tambaya ta sha bakwai su suka yi kuskure, amma na gane abin da suke nufi."

Daga nan aka shiga jira. Mako shida. Ban taɓa ganin abin da ya mayar da manya yara kamar jiran nan ba. Shagona ya zama ofishin makaranta. Wani ya zo aski ya ce ya ji daga ƙanin mai gadi ranar Litinin za a liƙa. Wani ya ce ƙarya ne, ta waya za a turo. Wani ya ce ai tun kafin a yi jarrabawar aka gama rabawa, ku dai kuna ɓata takalma. Maman Allura ta koma ajiye waya a aljihun rigar aiki, da ta yi ƙara sai ta yar da tsintsiya, ta duba ta ga masu talla ne.

Sai kuma matar mai kemis na ƙarshen layi. 'Yarta ajinsu ɗaya da Allura, ƙawaye ne ma. Shekara guda ana kawo wa yarinyar malami har gida. Kullum sai ta tsaya a bakin shagon Inci Biyu ta ce, "Mu dai mun yi namu. Ku wa ya yi wa taku lasin?"

Ya ce, "Ba kowa, Hajiya."

"Ayya. To Allah ya sa a dace."

Kullum bayan la'asar Inci Biyu zai ɗora tef a wuya ya ce mini zai je sayo zare. Zaren nan kan tudu ake sayar da shi. Ya je ya leƙa allon sanarwa ta tsakanin ƙarafan ƙofa, ba ya iya karanta rabin abin da ke kai, ya dai duba ko akwai sabuwar takarda, ya dawo. Na ce, "Mutumina, ina zaren?" Ya ce, "Babu kalar."

A mako na biyar aka liƙa maki. Allura ce ta uku. Ta uku, cikin yara ɗari bakwai da wani abu. 'Yar mai kemis ta sittin da ɗaya, wato ita ce ta farko a layin jira. Ranar na yi wa Inci Biyu aski kyauta, na ce uban ta uku ba zai yi yawo da kai kamar tsohon burushi ba. Matarsa ta dawo daga aiki ta zauna a dakalin shago tana kuka tana dariya. Mutanen da shekara da shekaru ba sa gaishe shi suka riƙa tsayawa. Matar mai kemis kuwa ta sauya hanya.

Bayan mako ɗaya aka liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka. Shi da yarinyar suka tafi. Ta bi lis ɗin da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake bi daga ƙasa har sama. Babu. Can gefe akwai wata 'yar takarda mai suna huɗu, nata na ciki. An rubuta a gaba: shekaru sun wuce.

Ashe dokar makarantar, ba sa ɗaukar wadda ta haura sha biyu. Yana nan a bayan fom, da rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Allura ta karanta shi tun ranar farko, ba ta damu ba, don ta san shekarunta. Su kuma na ofis ba sa buɗe ambulan sai bayan an gama jarrabawa. Su karɓi fom ɗinka, su bar ka ka yi ta hawa tudu mako shida, sannan su duba.

Da ɗaya ya ƙara, da ta shiga. Na yi wannan lissafin a raina, kuma karo na farko a rayuwata na riƙe bakina.

Abin da aka yi a gidansu ban gani ba, amma da safe na ji ragowarsa ta falanki. Matar ta biyo shi shago tana cewa, "Ni na haife ta! Ni na san ranar! Me ya hana ka tambaye ni? Riga ce ita?"

Ya ce, "Na ga ƙarama ce."

"To yanzu ta girma. Ka huta."

Ya koma makarantar da malamarta, da katin rigakafinta da uwar ta tono a ƙasan akwati. Akawun ofis ya duba katin ya ce, "Baba, ni ban ƙaryata ka ba. Amma ga takarda mai hatimin kotu ta ce sha uku. Katin allura ba ya kayar da rantsuwa. Kawo wata daga inda ka samo wannan, kafin ranar Juma'a, sai mu gani."

Na rufe shagona na raka shi kotu, don bakina ma na da laifi a tafiyar farko. Muka yi kwana biyu muna layi. Ranar farko mai hatimi ya tafi taro. Rana ta biyu aka kira mu, ɗaki cike da mutane, wani mutum mai gilashi ya ajiye takardu biyun gefe da gefe.

Ya ce, "Wata uku da suka wuce ka rantse 'yarka shekararta sha uku. Yau ka zo ka rantse sha ɗaya. Baya take yi?"

Mutane suka kwashe da dariya. Da a shagona ne da ni zan fi kowa.

"Ranka ya daɗe, kuskure ne."

"Kuskuren wa? Mai rubutu?"

Mai rubutun yana nan bakin ƙofa, da ya ce eh da an wuce wurin. Inci Biyu ya ce, "A'a. Ni na ce ya sa."

"To wacce ce ƙarya, ta farko ko wannan? Faɗa da ƙarfi a ji."

Mutumin da ko guntun yadin mutane bai taɓa riƙewa ba, sai ya ƙulla shi a leda ya mayar maka. Ya tsaya da hularsa a hannu, gaban yara sa'annin 'ya'yansa, ya ce, "Ta farko ce ƙarya. Ni na yi ta."

Aka yi masa faɗa son rai, aka ce albarkacin furfurarsa ba za a ɗauki mataki ba. Aka buga hatimi. Ranar Alhamis ke nan, ana gab da tashi. Juma'a da sassafe yana bakin ƙofar makaranta kafin mai gadi ya gama wanke ido.

Akawun ya karɓi takardar, ya shiga ciki, ya daɗe. Ya fito bai kalle shi ba. Ya ce shugabar makaranta ta sa hannu a lis na ƙarshe tun jiya da rana, an tura sama. Kafin Juma'a aka ce, ba ranar Juma'a ba. Gurbin kuwa an riga an ba ta farko a layin jira.

Inci Biyu ya ce, "To baɗi fa?"

"Sau ɗaya ake zama, Baba. Yana bayan fom."

Ya dawo shago ya zauna gaban keken ɗinki. Har azahar ban ji ƙararsa ba.

Yanzu sunan Allura yana makarantar bayan kasuwa, inda ake cusa yara casa'in a aji, wanda ya makara ya zauna a taga. Kafin a buɗe, uwar ta ce ta riƙa zama a shago maimakon kwanciya a ɗaki tana kallon rufi. Ba ta yi wa uban rashin kunya ba, ko sau ɗaya. Ta gaishe shi, ta share shago, ta jera zare. In ya yi mata magana ta amsa da kalma ɗaya. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi samun sauƙi.

Shekaranjiya sai ga matar mai kemis da 'yarta, da yadi shuɗi da fari a leda, da takardar makaranta mai zanen yadda ake son yunifom.

Ta ce, "Malam, kala uku za a yi mata. Na ce ba zan kai wa wani ba, ga na gida." Ta juya ta ga Allura. "Ayya, 'yata. Kowa da rabonsa, kin ji? Ashe ma yayarta ce ke, ba mu sani ba."

Na ajiye almakashi na fito, bakina cike. Inci Biyu ya ɗaga mini hannu, ya ce, "Koma wurin aikinka, maƙwabci."

Ya zare tef daga wuya. Ya kasa riƙe biro da tef lokaci guda. Allura ta miƙa hannu ta ɗauki littafin awon.

"Kafaɗa, sha uku."

Ta rubuta.

"Tsawo, talatin da takwas."

Ta rubuta. Ƙawar tata ta kafa ido a ƙasa, kamar ita ta yi laifin. Da aka gama Allura ta rufe littafin, ta ce mata, "An ce ɗakin karatunsu hawa biyu ne. In kin je ki duba mini ko da gaske ne."

Yarinyar ta gyaɗa kai. Uwar ta ce, "Yaushe za mu dawo, Malam? Ka san ku teloli."

Ya ce, "Laraba, Hajiya. Ba zan saɓa ba."