Ranar da Aka Dawo da Tarkacen Adaidaita

Ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni ƙauyen nan na gefen Toranke, in ka cire biki da ta'aziyya da asibiti, ƙafata ba ta wuce soro. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina zaune a tsakar gida ina tsintar wake zan gaya maka gidan da ake daka, da gidan da ake faɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Maigidana, wanda nake kira Malam, yakan ce da ni za a ba aikin rediyo da an huta da sayen batir.

Ranar kasuwar Gaya ce, da hantsi, dawa ta yi kai ana jiran kaka. Ina tankaɗe sai na ji wata ƙara daga bakin titi, kamar an yar da babban faranti. Can kuma sai ta biyun, wadda ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Ƙasa ta zubo daga rufin ɗaki, kaji suka watse, akuyata ta tsinke igiya. Malam ya fita da gudu ko takalmi babu.

Da ya dawo bai iya cin abinci ba. Ya ce adaidaita sahu ce ta garinmu ta ƙone ƙurmus kusa da kwalbati. Direban, yaro matashi da aurensa bai shekara ba, ya rasu a kan kujerarsa. Wata mata mai goyo ta rasu. Mai shayin garinmu da yake bin kasuwanni, shi a cikin gona aka tsinto shi, ba a haɗe ba. Malam ya ce da zani aka tattara shi, ya ce warin gashi da nama ya shiga masa hanci ya ƙi fita. Kafin la'asar an yi musu sutura.

To, akwai ƙawata mai nono, Bafulatana, rugarsu tana bayan gonakinmu ta wajen Ajingi. Shekara da shekaru tana kawo mini kindirmo, ni ina ba ta kuka da daddawa, mu zauna mu yi ta gulmar mazajenmu. A lokacin tana jego, don haka mijinta ne yake fito da nonon bakin titi. Yadda ake yi a nan, ba sai ka bi kayanka ba. Ka ba direba saƙo, ka faɗa masa wanda zai karɓa a kasuwa, shi ke nan ka koma aikinka. Haka ya yi ranar. Ya naɗe jarkar nono da jiƙaƙƙen buhun algarara don kada rana ta ɓata shi, ya ɗaure da igiya, ya ɗora a bayan adaidaitar, ya juya wajen shanunsa. Kowa yana yin haka, har ni ina aika garin kunu gidan yayata. Amma kafin magariba maganar da take yawo a gari ita ce, an ga ɗan Fulani ya sa wani ƙunshi a mota ya ƙi shiga.

Ƙanina ne ya kawo mini ita da zafinta. Yana da shagon cajin waya, kuma duk abin da ya gani a waya ya fi yarda da shi a kan abin da ya gani da idonsa. Tun da daɗewa yake damun Malam da wani bidiyo, wai jiragen nan da aka ce 'yan ta'adda sun kai hari da su kan manyan gine-gine a ƙasar Turawa, babu wasu jirage, shiri ne. Hujjarsa kullum ɗaya: ina tarkacen? Malam ya ce shi dai a rediyo ya ji an tsinci taya da guntun inji a kan titi, an nuna wa duniya. Ƙanina ya ce ajiye su aka yi.

Ranar ya shigo yana haki, ya ce, "Yaya, bam ne. Wallahi bam ne."

Na ce, "Kai ka gani?"

"Na je wurin yanzu. Babu komai sai baƙin toka a ƙasa! Mota guda ta ɓace kafin yamma? Ko ƙusa babu. Waɗanda suka aiko shi ne suka zo suka kwashe don kada a gane."

Na buɗe baki zan yi magana, Malam ya harare ni, na rufe. Dalili kuwa, a bayan rumbunmu akwai rabin tukunyar gas, ta tsage ta buɗe kamar an ɓare gyaɗa. Malam ne ya ɗauko ta bayan an tafi da gawarwaki, wai zai yi wa awaki abin shan ruwa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Mu nan ƙarfe ba ya kwana a titi. Tun azahar nake jin ana jan abubuwa ta lungu, ana buga guduma a gidan da ban taɓa jin guduma ba. Sai dai ba mai son a ce ya ɗauki kaya daga inda mutane suka ƙone, don haka kowa ya ɓoye nasa ya fito yana tambayar ina motar ta shiga.

Washegari da safe ina wanke-wanke na ji ihu daga wajen masallaci, yana matsowa. Ban gama miƙewa ba mutum ya faɗo cikin soro, ya rarrafo tsakar gida. Mijin ƙawata ne. Ya zo gaisuwar rasuwa ne, bawan Allah, bai san abin da ake faɗa a kansa ba. An fasa masa kai, jini ya rufe masa ido ɗaya, kunnensa na hagu yana reto da 'yar fata. Hannunsa ya karye, ya juya ta inda hannu ba ya juyawa. Abin da yake iya faɗa kawai, "Nono ne, Inna. Nono ne."

Malam ya danna ƙofar soro ya sa sakata, ya jingina bayansa. Duwatsu suka fara sauka a kan kwano. Wani dutse ya faɗo cikin tukunyar ruwana ya fasa ta. Ina jin muryoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wadda ban sani ba. Yaran da na ba ƙosai suna tsirara, su ne suke cewa a fito da shi a yanka. A gabansu akwai wan direban da ya rasu, muryarsa ta dishe saboda kuka.

"Malam, ka buɗe! Ba da kai muke ba. Ƙanina ko fuskarsa ban gane ba, da ƙafa na gane shi!"

Malam ya ce, "Ka ji tsoron Allah, a jira mai unguwa."

"Mai unguwa zai dawo mini da shi?"

Ƙofar langa-langa ce, ba ta jure ba. Suka banko ta har da Malam, gora ta same shi a kafaɗa ya zube. Suka ja mutumin nan ta ƙafa, kansa yana bugun dokin ƙofa, suka fitar da shi fili. Na bi su har soro. Na ga wani ya kawo tsohuwar taya ya rataya masa a wuya. Na ga wani ya tuttula masa fetur daga gora, ya shiga cikin raunin kansa, ya yi wata ƙara da ban taɓa jin babban mutum ya yi ba. Ana ta cewa, "Ashana! Wa ke da ashana?" Ƙanina yana gefe ya ɗaga waya yana ɗauka.

Ban san lokacin da na koma bayan rumbu ba. Tukunyar gas ɗin nan tana da nauyi, bakinta kamar wuƙa, ta yanke ni a tafin hannu. Na jawo ta a ƙasa tana ƙara, na ratsa soro, na fito tsakiyar maza ko mayafi babu, na wurgar da ita a gaban wan direban. Yawancinsu ba su taɓa ganina a waje ba. Ina jin wannan ne ya sa suka ɗan tsaya.

Na ce, "Ga abin da ya fashe. A gidanmu ya kwana. Tukunyar mai shayi ce, wa bai san ta ba?"

Wani ya ce, "Ke koma gida, ba maganar mata ba ce."

Na juya na dube shi, na ce, "Kai da ka kwana kana daddaɓe rufin motar za ka yi ƙofar akurki? Tun jiya gudumarka ta hana ni sakat. Kai kuma mai gorar fetur, tayar gaba tana soronku, na ji ƙannenka suna faɗa a kan wanda zai gara ta. Kun ce an kwashe mota. Ku ne kuka kwashe!"

Sai na ɗaga murya ta kan katanga na kira maƙwabciyata, wata tsohuwa da kowa yake ce wa Iya. Jiya da yamma na ji ta tana ɗauraye wani abu tana mita, wai warin nono ya ƙi fita. Na ce, "Iya! Fito da jarkar nan don girman Allah, za a kashe mutum a kanta!"

Can sai ga ta tana ɗingishi, jarka ruwan ɗorawa a hannu, gefe ɗaya ya ɗan narke ya yi baƙi, buhun algarara da igiyar a ɗaya hannun. Ta ce a cikin dawarta ta tsinta, ita ba ta san ta wurin ba ce. Ƙarya take yi, amma ba wanda ya bi ta kai.

Ƙanina ya ce, "Wa ya san ko ajiye ta aka yi?"

Iya ta ce, "Ajiye uwaka aka yi. Wane irin bam ne zai tashi ya bar jarkarsa lafiya har na zuba ruwan alwala? Sunsuna, mai waya. Sunsuna mana!"

Ta tura masa jarkar a hanci. Wasu suka yi dariya, irin wadda take kuɓuce wa mutum ba da niyya ba. A daidai nan mai unguwa ya iso a bayan babur. Ya dubi mutumin da ke ƙasa, ya dubi tukunyar, ya ce duk wanda ya san akwai ko ƙusar motar nan a gidansa ya je ya kawo, ba za a tambayi kowa komai ba. Ya tsaya da kansa a kan wanda aka jiƙa da fetur, ya ce mai son ƙyasta ashana ya haɗa da shi.

Aka fara fitowa da kaya, kowa kansa a ƙasa. Rufi, sitiyari, ƙarfen gilashi, salansa. Wani dattijo mai yawan wa'azi ya kawo madubi a cikin aljihun riga. Aka jera su a ƙofar gidanmu yadda suke a jikin mota. Tayar gaba ta lanƙwashe ciki, ƙarfenta ya karye, har da farin simintin kwalbati a jiki. Malam, yana riƙe da kafaɗa, ya ce to ga ƙarar farko da aka ji, karo ne. Bayan motar, inda aka ɗora jarkar nono, ya ƙone amma bai ɓule ba. Inda motar ta yage shi ne tsakiya, wajen ƙafar fasinja, nan mai shayi yake ajiye tukunyarsa ta gas tsakanin gwiwoyinsa, fashewarta ce ƙara ta biyu.

Daga ƙarshe aka kawo ƙarfen kujerar direba. A ƙarƙashinta akwai wani dunƙulen roba da ya narke ya manne, an zagaye shi da waya. Wan direban ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya taɓa ƙullin wayar.

Ya ce, "Galan ɗin mai ne. Ni na ɗaura masa. Na ce kada mai ya yanke masa a hanya."

Ya kifa goshinsa a kan ƙarfen nan yana wani irin gunji, yana buga kai har ya fashe, sai da mutum biyu suka riƙe shi. Masu gora suka fara zamewa ta lungu ɗaya bayan ɗaya.

Ni da Iya muka cire tayar daga wuyan mijin ƙawata. Na kwaso ruwa da sabulu muka wanke masa fetur ɗin, haƙoransa biyu suna cikin ƙasa. Na yage gefen zanina na ɗaure kunnen. Babu adaidaita a garin kuma, don haka a kan babur aka kai shi asibiti a Gaya, Malam yana riƙe da shi ta baya da hannu ɗaya.

Ya rayu. An ɗinke kunnen amma ba ya ji da shi, hannun kuma ya warke a karkace, ba ya iya tatsa. Bayan an girbe dawa suka tashi da shanunsu. Ƙawata ta biyo ta gidanmu da safe, jaririn a baya. Ba ta zauna ba. Na ce ta yafe mana, ta ce ni ban yi mata komai ba. Na ce to ku zauna mana, an gane gaskiya. Ta gyara goyonta, ta ce mijinta ne ba ya iya bi ta ƙofar masallacin, ko daga nesa ya hango sai jikinsa ya ɗauki rawa. Na raka ta har bakin soro, na tsaya ina kallo. Yana can bakin gona yana jiranta, ya juya mana baya, sanda a hannun da yake da lafiya.